Yaron da Ya Yar da Kuɗin Aike

Duk wanda ya tashi a unguwa ya san wannan yaron. Magariba ta kawo jiki, ladanai sun fara gyaran murya, awaki na komawa gida, shi kuwa yana tsaye a bakin lungu riƙe da kwalbar manja babu komai a ciki. Tun bayan la'asar aka aike shi. Uwarsa ta danƙa masa naira 500 ta ce ya ruga wurin mai kayan miya ya dawo yanzun nan, tukunya na kan wuta. A hanya ya tsaya kallon ƙwallo, ko ya bi masu langa, ko kuwa aljihun wandon ne ya huje. Ko ma dai mene ne, kuɗi sun yi ɓatan dabo. Ya bi sawunsa ya sake bi, ya tona ƙasa da ɗan yatsan ƙafa, ya leƙa kwata, babu. Ga ƙofar gidansu can yana hangowa, amma ƙafa ta ƙi zuwa.

In ka tsaya ka ce, "Kai yaro, lafiya? Ɗan gidan wa ne kai?" abin da za ka ji cikin shessheƙa shi ne, "Umma za ta dake ni." Kuɗin sun riga sun fita daga ransa, bulalar da ke jiransa ce ta cika masa ciki. Uwar kuwa tana can ta sauke tukunya, ta leƙa ƙofa ta koma, ta sake leƙowa, faɗan da ta tanada tun ɗazu ya fara rikiɗewa zuwa fargaba. Da za a ce mata ta zaɓa tsakanin kuɗin da ɗanta, ai maganar ma ba ta taso ba. Amma shi yaron bai san haka ba. Abin da ya sani shi ne abin da ya faru ranar da ya fasa tangaran.

Galibi Allah kan jefo wani dattijo mai tafiya masallaci, ya kama hannunsa, ya yi sallama a ƙofar gida ya ce, "A yi masa haƙuri, a bar shi ya ci albarkacina." Shi ke nan magana ta mutu. Abin lura shi ne ɗan lokacin nan da yaron ya yi a tsaye, tsakanin ɓatan kuɗi da zuwan dattijo. A wannan tsakanin duk wanda ya miƙo masa hannu zai bi. Da wani ne ya riga dattijon zuwa ya ce, "Share hawayenka, zo mu je ɗakina in ba ka ɗari biyar ɗin, ba wanda zai sani," da wuya ya ƙi. Yaron da aka sha ja wa kunne kada ya bi wanda bai sani ba, yau zai bi, domin tsoron gida ya rinjayi tsoron waje.

Na daɗe ina ganin cewa mafi munin abin da ke samun 'ya'yanmu a intanet ta nan yake ɓullowa. Mukan yi ta magana a kan hotunan batsa da raye-rayen TikTok da ɓata lokaci, kuma duk abin damuwa ne. Sai dai mugun da ya san aikinsa ba ya wahalar da kansa neman lalataccen yaro. Mai kunya yake nema, mai gudun ɓacin ran iyayensa, wanda zai gwammace ya mutu da abu a ciki da a ji shi a gida.

Ga yadda abin yake tafiya. Saƙo zai shigo wa yaro ɗan shekara 15 ko 16 a Instagram ko Facebook daga wata kyakkyawar yarinya sa'arsa, wadda har suna da abokai ɗaya, domin mai asusun ya riga ya bi jerin abokan yaron ya ƙulla da wasu daga ciki. Hira ta yi daɗi. Ta yabi hotunansa, ta tambayi makarantarsu. Can dare ya raba sai ta turo nata hoton, ta ce saura kai. Yana turawa murya ta canza. Dama babu wata yarinya. Ƙato ne, wani lokaci ma gungu ne suna karɓa-karɓa. Sai ga sunayen 'yan ajinsu, da na yayarsa, da na kawunsa an jero masa, an ce ko ka turo kuɗi yanzu ko kowa ya gani kafin asuba. Ba a barinsa ya numfasa. Saƙo kan saƙo, ana ƙirga masa mintuna. In ya biya a ce bai isa ba.

Abin takaici, sunan ƙasarmu ya fito dumu-dumu a wannan harka. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya sanar da rufe asusun Instagram kimanin 63,000 a Najeriya da ke karɓar kuɗi ta hanyar barazanar tona asiri. A cikinsu akwai wajen 2,500 da mutum kamar 20 kacal ke juyawa. Kamfanin ya ce akasarin waɗanda aka ɗana wa tarkon manyan maza ne a Amurka, amma da yara a ciki. Kafin nan, a watan Maris na 2022, wani ɗan sakandare mai shekara 17 a jihar Mishigan ta Amurka ya faɗa hannun wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, da ke Legas. Sun nemi dala 1,000, ya tura 300, suka ci gaba da matsa masa. A daren nan, sa'o'i kaɗan da fara hirar, ya kashe kansa. Iyayensa ba su san abin da ake ciki ba sai bayan mai afkuwa ta afku. An miƙa 'yan'uwan ga Amurka a 2023, a watan Satumban 2024 kuma kotu ta ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi.

Wannan fa ɗan Amurka ke nan, inda muke ganin kunya ba ta kai tamu nauyi ba. To ina ga ɗiyar Bahaushe? A wurinmu ba sai an kai ga tsiraici ba. Hoto babu ɗankwali, saƙon murya na soyayya, bidiyon rawar da aka ɗauka a ɗaki tsakanin ƙawaye, kowanne ya isa a riƙe yarinya da shi. "Zan tura wa Abbanki." "Zan sa a zauren unguwa kowa ya gani." Ta san abin da zai biyo baya: duka, a cire ta daga makaranta, a fasa maganar aurenta ko ta yayarta, uwarta ta kasa shiga gidan biki. Sau da yawa kuma mai barazanar ba daga nesa yake ba. Tsohon saurayi ne, ko abokin yayanta, ko wanda aka kai wa waya gyara ya kwashe abin da ke ciki. Ba kuma kullum kuɗi yake nema ba. Yakan ce ta zo ta same shi wuri kaza, in ta zo zai goge a gabanta. Ba ya gogewa. Abin riƙe ta ne ma zai ƙaru.

Wani uban zai ce shi kam ya huta, bai saya wa kowa waya ba. Ina ma a nan ta tsaya. "Umma, ara mini wayarki in duba aikin makaranta" ita ce hanya ta farko, uwa kuma tana tsakiyar tuƙin tuwo za ta ce ɗauka tana kan gado. Akwai tsohuwar wayar Yaya mai fasasshen gilashi da aka manta a durowa. Akwai ta ƙawa a islamiyya. Akwai wadda saurayi ya saya a ɓoye, an kashe mata ƙara, tana kwana cikin rigar matashin kai ko ƙasan akwati. Ko data ma ba dole ba ce: masu tura fina-finai a bakin kasuwa na cika memori da 'yan kuɗi kaɗan, yara su rarraba wa juna ta Xender a bayan aji, babu layi babu sabis. Kamfanonin waya kuma ga garaɓasar datar dare mai arha, daga wajen tsakar dare zuwa asuba, daidai lokacin da gida ya yi tsit. Hanin da ba a haɗa shi da magana ba, ƙarƙashin bargo kawai yake mayar da waya. Yaron da ya shiga uku da wayar da aka hana shi kuwa laifi biyu yake gani a kansa, don haka bakinsa zai fi na kowa rufuwa.

Dokoki dai akwai su a rubuce. A ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 rajistar layi da sunansa ba. Ke nan duk layin da ke hannun yaro da sunan wani babba aka yanke shi, kuma ya kamata uba ya san ko wane ne wannan babban. Facebook da Instagram da TikTok duk sun ce sai mai shekara 13. Yana da kyau iyaye su san inda wannan 13 ɗin ta samo asali: wata dokar Amurka ce ta 1998 da ta hana kamfanoni tattara bayanan yaran da ba su kai 13 ba sai da izinin iyayensu. Iyaka ce ta kare kamfani daga tara, ba hukuncin likitoci ko malaman tarbiyya ba ne cewa ɗan shekara 13 ya isa ya yi hira da duniya shi kaɗai. Tsallake ta ma ba wuya, yaro ya ƙara wa kansa shekara biyar wajen cike ranar haihuwa ya wuce. Ostireliya ta gaji da wannan wasan, a ƙarshen 2024 majalisarta ta yi dokar hana 'yan ƙasa da 16 mallakar asusu a manyan shafukan sada zumunta, ta ɗora alhakin a wuyan kamfanonin, dokar kuma ta fara aiki a Disambar 2025.

Kada mu zaci kamfanonin nan za su yi mana reno. Abincinsu talla ne, talla kuwa sai ido ya daɗe a kan waya. An ƙera manhajar ne ta lura da abin da ya tsayar da yatsanka, ko da na daƙiƙa biyu ne, ta ƙaro maka irinsa. Yaron da ya tsaya kallon abu ɗaya don mamaki, gobe goma zai tarar. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fito da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin ya san Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙin surar jikinsu. Can ma ke nan a Turanci, inda suka fi zuba kuɗi da ma'aikata wajen tacewa. Zagi da batsa da yaudarar da aka yi da Hausa, cikin habaici da zaurance, sun fi saurin sulalewa ba a gani ba.

Akwai kuma mai zuwa a hankali, wanda ya fi mai barazanar dare ɗaya haƙuri, kuma a ganina ya fi shi haɗari. Shi da alheri yake farawa. Katin waya yau, data gobe, "Ya karatu, ƙanwata?" Yana sauraron ƙorafin da ba a saurara a gida: an fi son wance, Baba ba ya zama, kishiyar Umma ta ce kaza. Wani ma da rigar addini yake shigowa, kullum ga addu'o'in safe da na yamma, har a saki jiki da shi. Bayan makonni sai ya ce su bar zauren da kowa ke gani su koma hira su biyu. Daga nan sai maganar da duk irinsu ke yi: "Wannan tsakanina da ke ne, kada ki gaya wa kowa, ba za su gane ba." Yara maza ma ba su tsira ba. Ta wasannin waya da ake bugawa da baƙi ake jan su, da zaurukan ƙwallo, da alkawarin koya musu hanyar samun kuɗi a sauƙaƙe, wasu a kai su ga caca, wasu ga abin da ya fi caca muni. In akwai magana ɗaya da ya kamata kowane yaro ya riƙe, ita ce babban da ya yi maka kyauta ya ce ka ɓoye wa iyayenka ba masoyinka ba ne. A kuma fayyace masa cewa data ma kyauta ce, kati ma kyauta ne, domin yara ba sa lissafa su cikin abin da aka hana su karɓa daga hannun baƙo.

Dabarun kulle waya na da amfaninsu, kuma ba a biyan ko sisi. A wayoyin Android akwai Family Link na Google, mai ba uwa ko uba damar amincewa da kowace manhaja kafin a sauke ta, da ƙayyade sa'o'i, da rufe wayar in lokacin barci ya yi. iPhone na da irinsa mai suna Screen Time. TikTok na da Family Pairing da ke haɗa asusun yaro da na mahaifinsa. Instagram tun 2024 ya fara sanya asusun matasa a rufe, yadda baƙo ba zai iya aiko musu saƙo ba, amma fa sai in shekarun da aka rubuta na gaskiya ne. A WhatsApp a saita yadda babu mai jefa yaro cikin zaure sai wanda lambarsa ke wayar, a kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye, a koya masa cewa lambobi shidan nan na tabbatar da asusu da ke zuwa ta saƙo ba a karanta wa kowa su, ko da ya ce shi malamin makarantarsu ne. Ga ƙanana, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce sa'a guda a yini. Uwar da ba ta yi boko ba kada ta ce wannan ya fi ƙarfinta. Ta sa ƙaninta ko babbar 'yarta su saita a gabanta, a yi mata bayani da Hausa har ta gane.

Wanda ya fi duk waɗannan sauƙi shi ne waya ta kwana a ɗakin iyaye. A ce duk cajin gida a nan ake yin sa, daga bayan isha'i zuwa safe. Yawancin ɓarnar da na ambata da dare ake yin ta, lokacin da yaro ya gaji, tunaninsa ya yi rauni, babu kuma mai leƙowa. Sai dai dokar ba za ta zauna ba in Abba da kansa yana kwance yana latse-latse har ƙarfe biyu, ko Umma tana amsa wa yaro da "uhm" idonta na kan sitatus. Mu iyaye muna da wani abin gyarawa ma: hoton yaro cikin kayan makaranta, bajo a ƙirji sunan makarantar ya fito raɗau, an rubuta cikakken sunansa da ajinsa, a wannan zamani na satar mutane don kuɗin fansa. Da hannunmu muka ba wanda ba mu sani ba suna da fuska da wurin da zai tsaya jira. Hoton wankan jariri kuwa ya zauna a gida.

Game da binciken wayar yaro, ni ina ganin a yi shi a fili. Tun ranar da ta shiga hannunsa a gaya masa ta gida ce, aro aka ba shi, Umma ta san lambar sirrin, kuma za a riƙa dubawa tare. Ɗan shekara 10 ba shi da wani sirri a waya da ya wuce iyayensa. Ɗan 16 kuwa yana buƙatar a sakar masa mara kaɗan, a rage dubawa a ƙara tambaya. In ana leƙe a ɓoye, ranar da ya gano zai koyi goge hira da buɗe asusu na biyu, kuma a wannan fagen ya fi mu nisa. Gara a zauna kusa da shi a ce, "Nuna mini wannan da kuke kallo, me yake yi da ke ba ku dariya haka?" Yara na jin daɗi a tambaye su abin da suka fi manya sani. A cikin irin wannan hirar ce sunan wani Yaya wane da ba a san da shi ba zai suɓuto.

Duk wannan rage haɗari yake yi. Yaron da ake aika dai wata rana sai ya yar da kuɗi, mai riƙe waya ma wata rana sai ya ga abin da bai kamata ba, ko ya tura abin da bai kamata ba. Ina zai nufa a wannan daren? Ba a ranar yake yanke shawara ba, tun tuni aka yanke masa: ranar da ya fasa kofi, ranar da ya kawo sakamakon jarrabawa mara kyau, ranar da ya faɗi gaskiya aka saka masa da wayar wuta. Yaro ba ya manta yadda aka karɓi gaskiyarsa ta baya.

Don haka a faɗa masa tun kafin ranar, da baki, ba kwana-kwana: "Duk abin da ya same ka a waya, ko kai ne da laifi, ko abin kunya ne, ka zo ka gaya mini. Ba zan dake ka a kai ba, ba zan tona maka asiri ba. Tare za mu gyara." Na san nauyin wannan a bakin Bahaushe. Akwai alkunya tsakanin uba da 'yarsa, tsakanin uwa da ɗan farin da ko sunansa ba ta faɗa. Akwai maganar da uba ba zai iya yi da budurwar 'yarsa ba ko da wuƙa a wuya, kuma ban ga dalilin da zai sa sai an rushe wannan kunyar kafin a kare yara ba. Al'adar da ta kawo kunyar ita ta tanadi mafita. Akwai kaka, wadda jika ke wasa da ita yana faɗa mata abin da ba zai iya faɗa wa uwarsa ba. Akwai gwaggo, akwai inna ƙanwar uwa, akwai kawu, akwai yayar da ta yi aure. A zaɓi mutum guda mai riƙe sirri, mai sanyin hali, a gaya wa yarinya a gabanta: "In abu ya yi miki nauyi ki gaya mini, ga Antinki nan. Duk abin da kika gaya mata kamar ni kika gaya wa." Antin ma a ja mata kunne cewa ba maganar zauren dangi ba ce.

Za a ce wannan sangarta ce, yaro in ya san babu duka ai sai ya yi abin da ya ga dama. Ban ce a daina horo ba. Cewa na yi a raba lokacin ceto da lokacin horo. Faɗa zai iya jira kwana biyu, mai barazana kuwa ba ya jira. A kuma bambanta wanda aka kama da wanda ya kawo kansa. In hukuncin su biyun ɗaya ne, babu yaron da zai ƙara kawo kansa, daga shi har ƙannensa da ke laɓe bayan labule suna kallo. Ƙwace waya nan take ma a yi hattara da shi. Yara da yawa na yin shiru ne don kada a raba su da ita, tunda a nan abokansu suke, mugun kuma ya san haka, har yakan tuna musu.

Ranar da yarinya ta zo, fuskar uwa ce abu na farko da za ta karanta. Da kame-kame za ta fara: "Umma, wata ƙawata ce wani yake damunta." Tana faɗa tana satar kallonki ta ga yadda za ki ɗauka. In kika rafka salati kika dafe ƙirji kika ce wannan ƙawa 'yar iska ce, kada in ƙara ganinki da ita, to an rufe littafi, ba za ki sake jin komai ba. Ki daure ki ce, "Allah sarki. Ai shi ne azzalumi. Me ya ce mata?" Sauran zai fito da kansa.

Daga nan sai aiki. Kada a biya ko kwabo, domin biya na nuna masa akwai tsoro kuma akwai kuɗi. Kada a je inda ya ce a same shi. Kada a goge hirar cikin fushi. A ɗauki hoton saƙonnin barazanar, da sunan asusun, da lambar waya, da lambar asusun bankin da ya turo, su ne hujja. Hoton tsiraicin kansa kuwa kada a tura wa kowa, ko dangi ne, ko da sunan neman shawara, domin yaɗa irin wannan hoto na yaro laifi ne a dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015. A daina amsa masa, a kai ƙarar asusun ta cikin manhajar, a toshe shi. Akwai wani shafi na kyauta mai suna Take It Down, na cibiyar Amurka mai kula da yaran da suka ɓata ko aka ci zarafinsu, da aka buɗe domin 'yan ƙasa da 18 ko a ina suke. Yana ciro wata lamba ta musamman daga hoton ba tare da hoton ya bar wayar ba, shafuka irin su Facebook da Instagram da TikTok su yi amfani da lambar su gano shi su cire in an ɗora. Ba ya kaiwa ga abin da ake turawa ta WhatsApp, amma yana rage yaɗuwa.

Sannan a kai wa hukuma. Rundunar 'yan sanda na da cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta ƙasa a Abuja, hukumar NAPTIP kuma, wadda aka kafa a 2003, tana karɓar ƙorafin cin zarafin yara. Iyaye da yawa kan gwammace a rufe, a ce an bar wa Allah, don gudun bakin mutane. Na fahimci dalilinsu, kuma ba ƙaramin dalili ba ne. Amma wanda aka ƙyale yau yana da wasu 'ya'yan mutane a wayarsa. In surutu ake tsoro, uba ko kawu ya fara zuwa shi kaɗai da hujjojin.

A daren kuma kada a bar yaron shi kaɗai. Ya kwana kusa da wani, a lallashe shi ya ci abinci, a yi ta maimaita masa cewa wannan zai wuce. Mai barazanar ya riga ya cusa masa cewa tasa ta ƙare, yana buƙatar ya ji akasin haka daga bakin wanda ya haife shi. Masu neman kuɗi sau da yawa in suka ga an toshe su babu abin samu, gaba suke yi.

Saura abu guda da ba mu cika son dubawa ba. Asusun nan 63,000 ba aljanu ke riƙe da su ba. 'Ya'yan wasu ne, a gidaje suke kwana, ana zuba musu abinci. 'Yan'uwan nan biyu na Legas shekara ashirin da 'yan kai gare su lokacin da aka yanke musu hukunci. Yaron da ba ya sana'ar komai ya shigo da sabuwar waya mai tsada, ko kuɗi na faɗo masa a asusu cikin dare, ko yana da layuka barkatai da shafuka masu sunayen mata, bai kamata a ce masa Allah ya yi albarka a karɓi cefane ba. A tambaye shi daga ina, a kuma tsaya sai an ji amsa. Haka ɗan da ya tura wa abokansa hoton 'yar mutane a zaure suna shewa, ko da ba shi ya ɗauka ba. A zaunar da shi a tambaye shi sunan yarinyar da na mahaifinta, a ce ya faɗi wanda ya turo masa, a sa ya goge a gaban ido, sannan a bi waɗanda ya tura wa ɗaya bayan ɗaya, a yi magana da iyayensu su ma.